Sha Ɗaya da Kwata

Takardar ta zo ran Talata, an ninke ta biyu,
sunana a sama: Linnea Saarinen.
Na buɗe ta a tsaye a baranda,
takalmana na ɗigar da ƙanƙarar Duluth a daɓe.

Kemistiri mai zurfi, sha ɗaya da kwata.
Fiziks mai zurfi, sha ɗaya da kwata.
Ɗaya a bene, ɗaya can ƙasa
kusa da injin ɗumama makaranta,
ni kuwa jiki ɗaya aka ba ni.

Malama Przybylski mai ba da shawara
ta juyo mini fuskar kwamfuta,
ta ja wannan gida, ta tura wancan,
kamar mai dara da ta san an riga an cinye ta.
"In na gusa da Kemistiri,
yara ashirin da uku sun rasa abincin rana.
In na taɓa Fiziks, malamar tana wata makaranta da safe,
sai ta ƙetaro gari kafin ta iso."
Ta miƙo mini alewar na'a-na'a.
Na tsotsa, na gane:
taura biyu ba ta taunuwa.

Malam Odegaard na Kemistiri
baɗi ce shekararsa ta ƙarshe.
Hannun rigarsa duk hudar asid.
Ya taɓa kashe fitila, ya barbaɗa gishirin tagulla a wuta,
harshen ya koma kore shar,
aji ya yi tsit har na ji agogon bango.
Tun ranar nake bin sa bashin wani abu
da ban san sunansa ba.

Fiziks kuwa ba a buɗe ajin
sai an cika mutum goma sha biyu.
Desmond ya ƙirga sunaye da farcen babban yatsa,
ya sake ƙirgawa daga ƙasa.
Sha ɗaya.
Bai ce mini komai ba.
Da ma ya ce.

Da dare Inna ta dawo daga asibiti,
ta cire safa, ta ce, "Likita ba ya tsallake Kemistiri."
Baba yana goge maiƙo a yatsunsa,
shi da ya shekara sha tara yana ɗaga gadar tashar ruwa
don jiragen tama su wuce.
Na ce, "Baba, me ya sa ƙaramin inji
yake ɗaga ƙarfe mai nauyin unguwa?"
Ya ɗauko gwangwanin gishiri da na barkono,
ya rataya su da igiyar takalmi a bayan kujera.
Ɗaya ya sauka, ɗaya ya hau.
"Ba ƙarfi ba ne," in ji shi.
"Sai wani nauyin ya yarda ya sauka."

Ban yi barci ba sai da jirgin asuba ya yi kuka.

Ran Juma'a na rubuta sunana
a layi na goma sha biyu.
Biron ya ƙi, sai da na karce shi a tafin hannu.
Sannan na hau bene, ƙafa na nauyi,
na tarar da Malam Odegaard yana wanke kwalabe.
Na fara ba da haƙuri, ya katse ni da soso:
"Laraba in an tashi, nan nake.
Hannu biyu ba sa isar wannan wanki,
kuma bakina ba ya shiru in ina aiki."

Yanzu kaka ta shigo, ganye ya yi ja.
Muna ƙasa mu goma sha biyu,
muna gangaro da ƙwallon ƙarfe a kan katako.
Sha ɗaya da rabi, ta ramin iska,
ƙaurin ashana yakan sauko daga bene.
Nakan ɗaga kai.
Desmond ya ce, "Linnea, agogo."
Ƙwallon ta riga ta kai ƙasa.
Mu sake.