Kunnuwan Mangwaro

A Naraguta, bayan ruwan Agusta,
tsohon mangwaron gidanmu ya yi kunnuwa,
uku a jere, kamar kantar kwanuka.

Baba Choji mai gadin gandun daji
ya tsuguna, ya leƙa ƙasansu:
"Laimar kwaɗi da ƙafa take tsayawa,
wannan manne yake.
Samansa ja, sai ƙyalli kamar an shafa mai,
ƙasansa fari, duk hujin allura."
Ya karce da farce, wurin ya yi duhu.

Na ce, "Ana ci?"
Ya ce, "Shi ke ci."
Ya ƙwanƙwasa gindin itacen,
ya amsa kamar tulun da ba ruwa.

Da sanyi ya shigo, sai ga fure.
Har yau ban gaya wa Inna ba.