Buhu Tamanin Da Huɗu

A shagon Nafi'u, bayan tashar Jega,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
na zauna bisa benci da lambar layi a hannu,
goma sha tara, da biro, a bayan kwalin ashana.

Da layi ya zo kaina ya ce, "Wace makaranta? Wane fanni?
Yi sauri, Basharu, mai ke ƙonewa."
Na buɗe baki, muryoyi uku suka riga ni fita,
babu tawa a ciki ko guda.

Kawu Magawata ya ce akanta:
mai ƙirga kuɗin mutane ba ya kwana da yunwa,
in dubi ɗan Gado, ga banki, ga kwat, ga mota.
Inna Tumba ta ce ko karatun mene ne, in dai kusa ne,
inda ƙullin dakkwa zai iske ni bai bushe ba.
Almu ya ce sai Zariya ko Kano,
wai sunan makaranta ake saye,
shi da ko Koko bai taɓa wucewa ba.

Baba kuwa bai ce komai ba.
Tun da albasa ta ruɓe, Malam Arzika ya rage magana.

Buhu tamanin da huɗu. Ni na rubuta su
a littafi mai shuɗin bango da ya ba ni riƙo.
Mun cire a Aliero watan da kowa ya cire,
dillali ya taya abin da bai kai kuɗin taki ba,
Baba ya ce a zuba a rudu, a jira farashi.
Farashi ya zo, bai yi ƙarya ba,
sai dai zafi ya riga shi isowa.
Kwana uku muna tsince mai rai daga matacciya,
hannuna ya san laushin asara
kafin idona ya gan ta a lissafi.

Ina cikin wannan shiru sabis ya ɗauke.
Nafi'u ya daki tebur, ya ce a dawo gobe.

Da dare na shimfiɗa takardar darussa gaban fitila:
ƙididdiga, wadda ke ba ni tsoro tun aji huɗu,
dokar ciniki, dabarun talla,
tattalin arziki kashi ɗaya, kashi biyu,
ajiyar kaya da jigila,
da wani Turanci na dole da kowa ke kuka da shi.
Ina karantawa a hankali kamar mai karanta wa mara lafiya wasiƙa,
ashe Baba na zaure, bai yi barci ba.

Ya ce, "Cikin wanga karatu naku,
akwai inda aka koya ma mutum
ranad da ya kamata shi saida,
da ranad da ya kamata shi jira?"

Na so in ce akwai.
Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya daɗe yana jan carbi.
Ya ce, "To tai ka tambayo."

Washegari ni ne na uku.
Gudanar da kasuwanci, na ce, jami'ar hanyar Kalgo,
zaɓi na biyu foli, fanni iri ɗaya.
Kawu zai yi fushi har sallah ƙarama,
Inna za ta ce ita ta ci,
Almu ya riga ya ce na yi araha.

Firinta ta tofo takardar da ɗuminta.
Na ninke ta huɗu, na sa a shuɗin littafin,
daidai shafin da na ja layi ƙarƙashin tamanin da huɗu
na rubuta: an sami sha tara.
Har yau in na buɗe ta a gaban jami'in rajista
sai ya ɗan kau da hanci,
ya ce, "Kai ɗan Aliero ne?"