Ƙwaya Bakwai a Hannun Kujera

Ƙarfe bakwai a Kainakari.
Jirgin ruwan farko ya wuce, igiyarsa na marin dakalinmu.
Na huda yatsan Sudheeran, ɗigon jini,
na'ura ta ƙifta ido: ɗari biyu da sittin.
Ya dubi lambar, ya dube ni, ya koma kallon rufin kwano.

Shekararsa arba'in da huɗu. Ni ce ƙanwa,
amma tun rasuwar Amma ni ce hannu, ni ce ƙafa.
Harshensa da nauyi aka haife shi.
Kalma kan fito masa kamar guga daga rijiya mai zurfi,
ruwa ma sai ya yi shawara kafin ya gangara maƙogwaro.

Ga ƙwayar, fara, ta fi ɗan wake.
Mai kemis ya ce kada a daka,
an gina ta ne ta narke sannu, awa bayan awa.
Ayaba za ta zame da ita, ayaba sukari ce.
Zuma haka.
Duk mai santsi a gidan nan abokin gabarsa ne,
sai kindirmo, cokali guda.

"Ɗaga kai, Sudhi. Sama."
Wata uku ina faɗin haka.
Ya buɗe baki, wayam,
in shafa kansa, in tafi kankare kwakwa.

Ran Talata ina wanke kujerarsa mai taya,
ledar hannun dama ta yage,
suka zubo kan siminti. Bakwai.
Sun sha yawu sun bushe,
ko tururuwa ba ta kula su ba.

Na yi faɗa har Ponnamma ta leƙo ta kan shinge.
Ya bari na gama.
Sannan ya jawo gugansa, igiya tana rawa:
"Tsoro."
Ya kama wuya.
"Kamar... nutsewa."

Mutumin da aka haifa a bakin ruwa, bai taɓa shiga ba,
ashe ni ke nutsar da shi kowace safiya.

Nas Lissamma ta zo da lema, damina har gwiwarta.
Ta ce ba sama ba, ƙasa, haɓa ta nemi ƙirji.
Ta ce akwai na ruwa, da tsada, za ta yi wa likita magana.
Ta dubi bakwai ɗin a tafina, ba ta ce komai ba.

Yau na durƙusa, idona daidai da nasa.
Cokali.
Ya sunkuya kamar mai gaida babba.
Na ƙirga ɗigon indararo,
ɗaya, biyu, har tara.
Maƙoshinsa ya hau, ya sauka.

Ya buɗe baki zai nuna mini.
Na juya wajen kogi,
wani mai kwale-kwale na kora agwaginsa.
Ban duba ba.