Ƙirgen Ɗari

Wuta ta ɗauke sau biyu, injin asibitin Tawa na tari.
Ni kaɗai a ɗakin gwaji, ni da ɗigon jinin Tankari,
maginin da ƙusa ta soka a dunduniya,
ya ɗaure da tsumma kwana tara yana cewa sai gobe.

Na shafa ɗigon a gilashi, na rina, na jira ya bushe.
Na sunkuya kan madubin likita.
Jajayen ƙwayoyi sun cika fili kamar ranar kasuwa,
ba su nake nema ba.
Farare nake nema, masu tsaba a ciki,
kowace da guzurinta ƙulle a jiki
kamar gero a bakin zane.

Madam Bibata ce ta koya mini:
ki ƙirga ɗari, kada ki ƙara, kada ki yi musu ragi.
Ga mai cibiya uku, ga wata, ga wata kuma.
Ga mai tsaba ruwan goro, maƙiyiyar tsutsar ciki.
Mai baƙin shuɗi kuwa sai an dace,
yau ban gan ta ba.

Tamanin da takwas cikin ɗari, iri ɗaya.
Har da ƙanana da cibiyarsu ba ta gama rabuwa ba,
an taso su daga ɓargo tun ba su isa ba,
gida ya ƙare da manya.

Na san irin wannan tafiya.
Haka samarin Adar ke fita bayan girbi,
buhu a kafaɗa, ba mai waiwaye.
Yayana Illa ya hau mota a tasha ina aji uku,
har yau inna na ajiye masa ƙwarya.

Waɗannan ma ba sa komowa.
Inda aka yi ɓarna can suke zuwa,
su haɗiye abin da ya shigo, su zazzage guzurinsu a kansa,
su kwanta nan.

Ɗazu da aka kwance tsumman, Tankari ya kau da kai,
ya ce a gafarce shi, ƙafar na wari.
Na so in ce, baba, mugunyar nan da kake jin kunya
gawar masu ƙaunarka ce.
Ban faɗa ba. Aikina lamba.

Na rubuta tamanin da takwas, na ja layi biyu a ƙasa,
na kai wa lokotoro da kaina
don kada takardar ta kwana a tire.
A hanya na ji shi yana tambayar ɗansa
ko an rufe sumuntin da ya rage.