Dutsen Ya Biyo Ni Asibiti

Shekara talatin da ɗaya na yi a cikin dutse,
ni Gunvor, 'yar Elof Lantto,
ina tuƙa motar kwasar tama
can ƙarƙashin Kiruna, inda rana ba ta da aiki.
Baƙar tama mai karkata allurar kamfas,
ita muke haƙa, ita muke tofarwa,
ita nake wankewa daga kunnuwana
har ruwan baho ya koma kamar shayin da aka manta a wuta.

Na rataye hular kwano, na ce mun rabu.
Ashe dutse ba ya jin sallama.

Garin ya fara ci, ta ƙasa.
Bango ya tsage, titi ya sunkuya,
aka ɗora gidajen katako kan tayoyi
ana jan su gabas, sannu sannu, kamar majinyata.
Sai wani abu ya soma cin nawa gidan:
ɗan ƙullutu, bai kai ƙwayar wake ba,
a nonon hagu.
Da sabulu a hannuna na same shi.

Jirgin ƙasa zuwa Sunderby, ƙanƙara har bakin taga.
Jirgin tama ya gifta mu,
tarago sittin da takwas.
Na ƙirga. Hali zanen dutse.

Likita Hedvall ta ɗaga sirinji ga fitila.
Ruwan ciki ya yi duhu, launin tsatsa.
Ta ce ƙarfe ne, an ƙanƙanta shi har ya wuce ganin ido:
tsaga gashin kanki gida dubu,
tsagi ɗaya shi ne kaurin ƙwaya guda.
Kowace an sa mata 'yar rigar sukari
don jiki ya karɓe ta ba gardama.
Na ce, wane irin ƙarfe?
Ta faɗi sunansa.
Na yi dariya har nas Ylva ta leƙo,
don sunan nan shi ya biya min kuɗin haya,
shi ya sayi takalman 'ya'yana,
shi ya toshe wa Elof ƙirji.

Ta ce in ciwon zai gudu, akwai hanyar da zai bi,
ƙwayoyin nan ita za su bi,
su ya da zango a kaluluwar farko ta hammata,
mai tsaron ƙofa,
su zauna su jira.

Ranar tiyata ina barci, labari aka ba ni.
Wai sun bi fatata da wani sanda kamar alƙalami
mai shinshinar maganaɗisu,
yana ƙara, yana shiru, yana ƙara,
har ya tsaya wuri guda ya yi ta kuka.
Haka kakanni suka bi tsauninmu da kamfas
kafin su kafa diga.
Biyu suka cire, ba su kwashe rami duka ba.
Ni da na san ɓarnar haƙa,
na san darajar wanda ya san inda zai tsaya.

Kwana goma sha ɗaya waya ba ta yi magana ba.
Ran na sha biyu ina feraye dankali.
Mai tsaron ƙofa bai ga kowa ya wuce ba, in ji ta.
Na gama ferayar. Sannan na zauna a ƙasa.

Tabo ya rage, ruwan ƙasa-ƙasa, faɗin babban yatsa.
Jikata Tyra ta ciro maganaɗisu daga jikin firji,
mai siffar kifi,
ta manna min. Ya faɗi.
Ta sake. Ya faɗi.
Ta ce ƙarfen naki kaɗan ne, kaka.

Kaɗan ne.
Likita ta ce jiki zai narkar da shi a hankali,
ya adana, ya ɗiba in ya buƙata,
wata rana ya sa a jini.

Da dare, ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna,
nakiya takan tashi can ƙasa, kofuna su yi rawa a kanta.
Dā juyawa nake yi kawai.
Yanzu nakan ɗora hannu a kan tabon
in ce, na ji ka.
Kwanta.