Hoton da Ladidi Ta Turo

A bakin ramin kuza nake, can bayan Bukuru,
injin ban-ruwa yana tari kamar tsoho,
sai waya ta motsa a aljihu.
Ladidi ce, autata mai gyaran jirgin sama,
wadda aka tura kwas Japan.

Hoton filin jiragen soja ne:
doguwar kwalta, shingen waya,
da wata tsohuwa duƙe a kunyar albasa.

Ta ce: Baba, da can shinkafa ake nomawa a nan.
Aka tashi manoma, aka daɓe ƙasar.
Daga nan samari suka riƙa tashi da asuba,
wasu ko gemu bai tsiro musu ba,
shayinsu ya huce a kan tebur, ba su dawo ba.
Da yaƙi ya ƙare, masu nasara suka kafa tuta,
suka daɗe kafin su miƙa makulli.
Yanzu jiragen sintiri ke kwana a ciki,
in ƙasa ta girgiza kuma
su tashi da barguna da ruwan sha.
Tsohuwar ta ce ƙararsu na hana jikanta barci,
amma ranar ambaliya
su suka ɗauke ta daga kan rufi.

Na kashe injin.

Ubana Jatau bai san Japan ko a taswira ba.
Amma da sojansu suka kama ƙasar kuza ta gabas,
sai Bature ya juyo kan tudun nan.
Aka ɗebo su da riga ɗaya daga ƙasar Zazzau,
kwano a ka, sanyi har ɓargo.
Ƙanensa Talle ya yi tari wata biyu,
aka rufe shi inda ba mu sani ba.

Ramin da suka haƙa ne ya cika da ruwa.
Shi nake ba kabeji, shi nake ba karas,
shi ya biya kuɗin makarantar Ladidi.
Bara kuma ya haɗiye yara biyu masu iyo.
To, me zan kira shi?

Na goge laka a wando,
na ɗauki hotonsa, rabin yatsana a ciki,
na tura mata.

Can bayan azahar ta amsa:
Kai, Baba, ya yi kyau!
Wannan wane tafki ne?

Ashe ban taɓa gaya mata ba.