Ƙwallon Mangwaro

Uwani ta dawo daga Ngaundare da kwali a cinya,
cikinsa injin markaɗe, tulun gilashi, wuƙaƙe huɗu a gindi.
Ta ce mu daina wahalar da muƙamuƙi:
gwanda, ayaba, ɗanyen zogale, alayyafo,
a zuba, a danna, a kurɓe, a kama hanya.

Na ce, Uwani, wanda ya jera mana haƙori talatin da biyu
bai jera su don murmushin hoto ba.
Gaskiya ne, shan mangwaro muke cewa,
amma da haƙori ake shan nan.
A sami inuwa a bakin Binuwai, a naɗe hannun riga,
a gatsa, a yage ɓawo, ruwa ya bi gwiwar hannu,
zare ya maƙale,
har la'asar kana hira da shi da tsinken sakace.

Ta ce, yaushe rabonka da zogale
in ba an dafa shi ya mutu, an binne shi cikin ƙuli ba?
Na ce, ke yaushe rabonki da ƙoshi?
Mangwaro uku a kofi guda,
kin shanye kafin cikinki ya amsa sallama.

Wata guda muna haka.
Ita da ƙugin injinta mai tayar da kajin maƙwabta,
ni da wuƙata da tabarmata.
Ran da aka ɗauke wuta kuwa, dariya tawa ce:
ga ta zaune, yankakken fiya yana baƙi a tasa,
tana harar ƙwan lantarki kamar ya ci mata bashi.

Baba Ɗantani bai sa baki ba.
Bakin ma babu kowa a ciki.
Shekara arba'in a kan keken ɗinki a kasuwar Garwa
yana tsinke zare da haƙori,
har zaren ya rama, ɗaya bayan ɗaya.
Damina uku ke nan, daga kunu sai koko.
Itacen da ya dasa shekarar da aka haife ni
yana jefo 'ya'ya kan kwanon ɗakinsa,
dum, dum, dare duka,
shi kuma yana kwance yana ƙirgawa.

Wata Talata, zafin bazara ya hana kowa motsi,
Uwani ta durƙusa ta miƙa masa kofi.
Rawaya zalla, babu ganye,
don ya riga ya ce shi ba akuya ba ne.
Ya kurɓa. Ya rufe ido.
Ya daɗe, har na zaci barci ya yi.
Sai ya ce, wannan na reshen gabas ne,
wanda ke leƙa gidan Bobbo.

Na reshen gabas ne. Ni na tsinko shi da hannuna.
Ni mai haƙori talatin da biyu,
ban taɓa sanin reshe ya bambanta da reshe ba.

Uwani ta dube ni, ta fara haɗa bakin nasara,
sai Baba ya ce, to, ina ƙwallon?
Ta ce, na yar, Baba, mu huta da ƙuda.
Ya ce, ɗauko, wanke.
Mai wannan magana da haƙoransa ya yi ta.

Ya riƙe shi da hannu biyu.
Ya bi shi da dasashi, gefe da gefe,
har ya yi fari, ya yi gashi kamar gemunsa.
Ƙuda suka zo. Bai kore su ba.

Gardamarmu tana nan, ba mu gama ba.
Jiya ma ta ce in ɗanɗana koren nan nata,
na ce sai in an ɗaure ni.
Sai dai yanzu ni ke yi mata fiɗa da asuba,
kuma wuƙata ta koyi rowa:
ba ta kai wa ƙwallo,
tana barin tsoka mai kauri a jikinsa,
in aje shi a ƙaramin faranti, gefen kofin.